Yadda "Shuka ta Biyu" ta Cinye Mini Shekara

Shekarun baya, a wata damina da ruwa ya yi mana rowa, na gama bautar ƙasa na koma gida Tsamaye da jaka ɗaya da buri cike da ciki. Ilimin ƙasar noma na karanta a jami'a, na fito da sakamako mai kyau, kuma tun ina sanye da kaki na cike takardar neman digiri na biyu. Ban yi wata guda a gida ba abokina, wani ɗan garin Isa da muka yi aji ɗaya, ya kira ni ya ce sunaye sun fito, da nawa da nasa. An ba mu mako huɗu mu je mu yi rajista. Wanda bai je ba, gurbinsa ya zama na wani.

Abu ɗaya ya rage mini, izinin mahaifina. Na san akwai masu karanta wannan da za su ce, ƙato da kai, mai digiri, me ya hana ka ɗauki jakarka ka kama hanya? To a gidanmu ba a haka. Ko kasuwar Sabon Birni za ka, sai ka durƙusa ka faɗa, balle tafiyar shekara biyu. Kuma ban ɗauki abin da zafi ba, don tsohon nan shi ya tsaya mini tun daga firamare, lokacin da sa'o'insa ke yi masa dariya.

Shekarar ta zo da wuya. Mutane sun yi binne, wato sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran sama. Aka yi ruwa ɗaya mai kyau, gero ya tsiro gwanin sha'awa, daga nan sama ta ɗauke kamar an rufe famfo. Muna ji muna gani tsiron ya murɗe ya ƙone. Aka fita roƙon ruwa har sau biyu. Da aka samu wani yayyafi mai ɗan ƙarfi, sai kowa ya kwance ɗan irin da ya rage masa aka koma gona don a sake shuka, rai a ɓace, ba mai yi wa wani raha.

A cikin wannan aikin na zaɓi in yi wa Baba maganar. Yana gaba da sungumi yana sara, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Na gaya masa an ba ni gurbin ƙaro karatu, digiri na biyu. Bai juyo ba ya ce, "To wai ba ka ƙare ba? Mi yar rage?"

Nan ne ɗan boko ya so ya nuna shi ma ya iya yaren manoma. A jami'a an koya mana cewa in za ka yi wa manomi bayani, ka ɗauko misali daga abin da ke gabansa. Na duba gabana, na ga abin da muke yi, na ce, "Na ƙare, Baba. Wanga kamar shuka ta biyu ta."

Ya tsaya. Ya dubi ƙonannen tsiron da ke tsakanin ƙafafunsa, ya dubi ƙwaryar irin da ke hannuna, ya ce, "To." Ya ci gaba da sara. Ni kuwa ina bayansa ina jin daɗi, ina cewa a raina yau na yi bayani irin na masana. Shekara biyar ina karatun noma, amma ban tsaya na tambayi kaina me ke sa mutum ya sake shuka ba.

Akwai bappana, ƙanin mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne ɗan bokon gidanmu tun kafin a haife ni. Ya yi kwalejin horon malamai, ya yi aikin akawu a Isa har ya yi ritaya, kuma duk takardar da ta shigo gidan, daga ta asibiti har ta haraji, ba ta zama magana sai ta bi ta gilashinsa. Baba yana karanta ajami sarai, amma boko ya bar wa ƙaninsa, ya kuma yarda da shi kamar yadda ya yarda da hannunsa na dama. Washegari bayan la'asar aka kira ni zaure da takardar. Bappa ya goge gilashi da bakin riga, ya karanta daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun, ya ninke ta. Baba ya gaya masa abin da na ce a gona, ya tambaye shi ko haka ne.

Bappa ya ce, "To Yaya, ai shi da bakinai yah hwaɗi ma gaskiya. Kai manomi na. Wa ka sake shuka in ta hwarko ta tsira?"

Na ɗauka wasa yake yi, har na fara murmushi. Sai ya juyo ya ce in kawo kwalin digirin a gani. A lokacin jami'armu ba ta ba mu kwali ba tukuna, takardar shaidar kammalawa kawai aka ba mu, falle ɗaya mara kauri mai hatimi a ƙasa. Na kawo. Ya riƙe ta da yatsa biyu ya kaɗa ta a iska, ya ce wa Baba ya taɓa ya ji, wannan ita ce kwali? Ya tashi ya shiga ɗakinsa ya ɗauko nasa na kwalejin malamai, mai kauri, cikin gilas, ya ajiye su gefe da gefe a kan tabarma. Baba ya taɓa wannan, ya taɓa wancan.

Na shiga bayani, Hausa na haɗuwa da Turanci, kuma duk kalmar Turancin da ta kuɓuce mini sai in ga fuskar Baba ta ƙara rufewa. Ya bari na gama. Sannan ya ce, a hankali, ba faɗa, "Hwaɗuwa ba komi ba ta, ɗana. Ga gero nan ya hwaɗi, mun sake. Ƙaryar da kay yi min ita ta ban iya ɗauka. Ba ka komawa."

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba, kuma ban sake ji ba. Da jahili ne ya yi mini wannan, da na ce rashin sani ne. Amma mutumin nan ya karanta takardar, ya fahimci kowace kalma, ya dubi idon yayansa ya juya ta. Kuma da kalmata ya yi amfani. Ni na miƙa masa sandar da ya buge ni da ita, wannan shi ya fi ci mini rai.

Daga nan na shiga neman shaida. Na kawo takardar bautar ƙasa, Bappa ya ce ai kaki ko wa ana ba shi. Na kira abokina, ya hau babur tun daga Isa ya zo ya durƙusa ya yi rantsuwa cewa rana ɗaya muka gama. Baba ya sa aka kawo masa fura, ya sa masa albarka, ya raka shi har bakin hanya, ya dawo ya ce yaron kirki ne, aboki na gari ba ya tona asirin abokinsa. Na ce to a kira shugaban makarantar firamarenmu ya karanta. Baba ya ce abin kunyar da ke cikin zaure bai ishe ni ba, sai na tara masa gari?

Garin kuwa ya riga ya taru. Ban san ta inda maganar ta fita ba, ko da yake ina da zato. Na je kasuwar Sabon Birni sayen gishirin dabbobi, wani dattijo da ban ma san ya san ni ba ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri, bana kowa ya sake shuka, Allah ya sa ta biyun ta kama. Mata suka riƙa shigowa wurin mahaifiyata suna jajanta mata kamar an yi mana gobara. Ba mugunta suke yi ba, tausayi ne tsagwaronsa, kuma tausayin ya fi zagi ciwo. Baba, wanda bai taɓa fashin zaman majalisar ƙofar masallaci ba, sai ya koma yana sallame salla ya sa takalmi ya wuce gida kai a ƙasa.

A mako na biyu na tare Bappa a hanyar gona. Na gaishe shi yadda ya kamata, don ko ina tafasa ban iya tsallake gaisuwa ba, sannan na tambaye shi me na yi masa. Bai ko yi musu ba. Ya ce ya san mene ne digiri na biyu tun ina cikin tsumman goyo. Ya ce in buɗe ido in dubi rumbunan gidan, in dubi sama. Bana gida hannu yake so, kuma ya riga ya yi magana an ajiye mini gurbin koyarwa a wata makarantar sakandare da ke kusa, albashi duk wata.

Na ce, "Bappa, da haka kac ce tun hwarko, da na zamna."

Ya ce, "Da haka nic ce, da Yaya ya sai da san noma ya tura ka. Kai ba ka san ubanka ba."

Ya wuce ya bar ni tsaye. Gaskiya ya faɗa game da Baba, na sani, kuma hakan bai rage mini komai ba sai ƙari. Wato ya san irin son da tsohon ke yi mini, shi ya sa bai nemi ya rinjaye shi da hujja ba, sai ya nemi ya kashe yardar da ke tsakaninmu. Na ruga gida na kwashe duka na gaya wa Baba. Ya saurare ni, ya ce yanzu kuma bayan ƙarya, ƙaninsa zan yi wa ƙazafi? Wanda aka riga aka sa wa sunan maƙaryaci, duk gaskiyar da ya kawo ƙarin laifi ce.

A mako na uku na yanke shawarar tafiya ba izini. Na haɗa jaka da hantsi, na hau babur zuwa tashar Sabon Birni, na shiga motar Sakkwato na zauna kusa da taga ina huci. Saura mutum biyu mota ta cika. Ina zaune ina tsara yadda zan dawo da kwali biyu in jefa a kan tabarmar zauren nan. Sai na tuna cewa in na tafi a haka, na tabbatar wa Baba duk abin da aka gaya masa: yaro ya faɗi, ya yi ƙarya, ya gudu. Da fasinja na ƙarshe ya iso, ni kuma na ce a sauko mini da jakata. Ɗan kamasho ya yi mini tatas a gaban jama'a, kuma ya yi daidai. Na koma gida kafin azahar, ba wanda ya ma lura jarumin ya yi hijira ya dawo.

Na daina cin abinci a cikin gida, na daina hira da kowa. Gona nake zuwa in yi aiki kamar ina dukan wani. Ranar Juma'ar da aka rufe rajista abokina ya kira ni sau uku, ban ɗauka ba. Ina zaune a inuwar rumbu ina kallon wayar tana haske.

Ni ɗan fari ne, mahaifiyata kuma 'yar garin Turba ce, cikin Fulani ta tashi. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, ko kallona kai tsaye ba ta cika yi ba. Duk wannan rikicin ba ta ce mini uffan ba, kuma na ɗauka ita ma ta yarda na faɗi. Ranar Lahadi da rana na shigo ɗaukar hauya, tana zaune tana dama wata fura da ta fi kusa da ruwa. Ba ta ɗago ba. Ta yi magana tana kallon ƙwarya, kamar da ludayin take yi. Ta ce a gaya wa mai fushin nan ya zauna ya faɗi abin da za a koyo a can ɗin, ban da Turanci, ban da wayo.

Na zauna daga nesa. Na ce na farkon ya ƙare, yana nan tsaye, ba abin da ya same shi. Wannan komawa ce a kan wurin da aka riga aka yi aiki, a sake bi a tsanake, a cire abin da ya rage, a ƙara wa tushen ƙasa don ya yi ƙarfi.

Ta ce wa ƙwaryar, "To ai maimai na."

Na yi tsalle kamar an taka ni. A makaranta ba kalmar da ta kai maimai muni, ita ake faɗa wa wanda ya faɗi jarrabawa aka bar shi a aji ƙannensa suka tarar da shi. Tun ranar farko ita nake kauce wa. Na ce ba maimai ba ne, Inna, ni ban taɓa maimai ba tun da nake.

Sai ta yi dariya, dariyar farko da na ji a gidan cikin makonni. Ta ce, "Ku 'yan boko kun ɓata magana. Wa ka yi ma matacciyar gona maimai? Sai hatcin da yat tsira, yay yi kyau, aka koma mai noma na biyu. A tahi a hwaɗa mai hakanan."

Ashe kalmar da nake gudu ita ce mai nuna amfani ya rayu, wadda na zaɓa da hannuna kuma ita ce mai nuna ya mutu. Na karanta littattafai a kan noma na farko da na biyu, na rubuta jarrabawa a kai, na ci. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta warware cikin numfashi ɗaya abin da ya gagare ni mako huɗu. Daga baya na ji cewa ta daɗe tana so ta tambaye ni, kunya ce ta hana.

Baba yana da wata 'yar gona a kwari kusa da gulbi, ita kaɗai shukar farko ta tsira a cikinta saboda laima. Can na same shi, kuma maimai yake yi mata. Na sa hauyata a layin da ke kusa da nasa, muka yi tafiya ɗaya tare. Da muka kai ƙarshe na ce, "Baba, kuskuren baki niy yi. Ba shuka ta biyu ba ta. Irin wanga aiki na da muka yi yanzu."

Ya dogara da hauyar. Ya dubi geron da ya kai mana gwiwa, kore shar, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ta hwarko ta tsira ke nan?" Na ce ta tsira. Ya tambaye ni ko ƙaninsa ya san haka lokacin da ya karanta takardar. Na kai hauya gindin gero, shi kuma bai sake tambaya ba. Na ga lokacin da abin ya sauka a jikinsa. Ya tambaye ni yaushe za a rufe rajistar, na ce shekaranjiya aka rufe.

Ya ce in ajiye hauyar in tafi yanzu. Da ƙafarsa duk ƙasa ya raka ni har bakin titi, ya tsaya a rana sai da na samu abin hawa. Litinin da safe ina ofishin rajista. Ma'aikaciyar ta saurare ni da mutunci, ta duba, ta ce an riga an ba na jerin jira gurbin, sai dai in sake nema baɗi. Ba ta yi mini laifin komai ba, mako huɗu aka ba ni kamar kowa.

Don haka na dawo, na karɓi aikin koyarwar da Bappa ya tanada. Abin da ya so shi ya faru, daidai yadda ya tsara. Kuma in zan faɗi gaskiya duka, shuka ta biyun ba ta yi abin kirki ba a shekarar, hatsin da albashin nan ya saya shi gidanmu ya ci har wata kakar, da gidan Bappa a ciki. Na sha zama ina cin tuwon ina jin haushin cewa yana da daɗi. Da shekara ta zagayo na sake cike takarda daga farko, na sake jira, suna ya sake fitowa. Ni da na yi ta rantsuwa ban yi shuka ta biyu ba, sai da na yi ta. Abokina kuwa ya riga ni da shekara guda, har yau yana kirana ƙaninsa.

Wannan karon Baba bai kira kowa zaure ba. Ya riƙe takardar har bayan la'asar, ya zauna a majalisar ƙofar masallaci, ya miƙo mini ita a gaban mutane, Bappa na zaune, ya ce in karanta da kaina in fassara. Da na gama ya ce wa jama'a maimai za ni yi. Bappa ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a. Bai taɓa ba ni haƙuri ba, kuma yau in na je gida yakan nuna ni ga baƙi ya ce ga ɗansu da suka tsaya wa. Ina durƙusawa in gaishe shi, in kai masa goro da sabulu, don ƙanin ubana ne.

Yanzu ni ma ina koyarwa, kuma in zan yi wa manomi bayani ba na saurin ɗauko misali, sai na fara tambayarsa yadda shi yake kiran abin. Wannan darasin na biya shi da tsada. Shekarar da ta tafi kuwa na daɗe da daina lissafa ta. Na ma yarda cewa Bappa yunwa ya hango, kuma bai hango ƙarya ba.

Amma akwai abu ɗaya da ban gaya muku ba. Ranar da na dawo daga ofishin rajista hannu rabbana, na tarar da Baba a wannan gonar ta kwari. Na gaya masa. Ya ajiye hauya, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, dattijo mai furfura, wanda ban taɓa ganin ya sunkuya wa kowa ba sai Allah. Ya ce, "Shukarka ta tsira, ni nik kashe ma ita. Ka yahe min, ɗana."

Ba wanda ya kamata ya ga ubansa a haka. Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Duk sanda Bappa ya miƙo mini hannu yana murmushi, hular nan nake gani, kuma har yau ban huce ba.